Ina Muka Kai Lokacin Da Ke Tsakanin Magariba Da Isha'i?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana magidanta game da wani lokaci da muke tozartawa kullum, wato abin da ke tsakanin sallar Magariba da ta Isha'i, wanda bai wuce sa'a ɗaya da 'yan mintoci ba.

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ko Zariya ko Katsina ko Sakkwato ya san abin da iyayenmu suke yi da wannan lokaci. Tela ya rufe kekensa, ɗan kasuwa ya kulle rumfarsa a Kurmi, maƙeri ya kashe wuta, da an sallame Magariba sai kowa ya ɗauki littafinsa ya nufi zauren malamin unguwa. Malam yana zaune a kan buzu, almajirai a kan tabarma, ga fitilar ƙwai a tsakiya. Wanda layi ya zo kansa ya ja jumla biyu ko uku da Larabci, malam yana fassara masa kalma bayan kalma, shi kuwa yana amsawa da "na'am", har malam ya ce a dakata nan sai gobe. A haka ake sauke Ahalari, a shiga Ishmawi, a wuce Iziyya, mai rabo ya kai Risala. Babu takardar shaida a ƙarshe, kuma ba abin mamaki ba ne a ga mai furfura ya gurfana gaban malamin da ya haifa, domin gemu ba ya hana ilimi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda Ahalari, wanda da shi ake farawa, bai soma da babin tsarki ba. Ya fara ne da gyara imani da tuba da kiyaye harshe daga ƙarya da giba da annamimanci, kuma ya gargaɗi mutum kada ya aikata wani aiki sai ya san hukuncin Allah a kansa. Ke nan mutumin da ya wuni yana ciniki, da dare zai ji maganar da za ta tilasta masa ya auna wuninsa: shin ya tauye mudu, ya rantse a kan farashin da bai saya ba, ya ci naman maƙwabcinsa a majalisa? Wannan shi ne hisabin da Sayyidina Umar ya yi umarni mu yi wa kanmu tun kafin a yi mana, kuma iyayenmu sun ware masa lokaci sananne a kowace rana.

Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, musamman bayan da manyan wayoyi suka wadata, wannan sa'a ta sami sabon mai ita. A leƙa bencin ƙofar masallaci bayan Magariba, za a tarar da mutum biyar ko shida a jere, hasken waya ya haske fuskar kowa, ba mai ce wa ɗan'uwansa uffan sai in wani ya tuntsure da dariya ya miƙo a kalli bidiyo. Ba ina zargin wayar ba ne, domin akwai karatuttuka masu amfani a cikinta. Sai dai a zaure ana tambayarka, ana gyara maka, layi biyu ake ba ka ka kwana da su. A waya kuwa mutum zai kalli abu barkatai a zama ɗaya, gari ya waye bai riƙe ko ɗaya ba. Mafi muni, a irin wannan zama ne ake tura saƙon WhatsApp da ba a tantance ba, alhali aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umarce mu da bincika labari, kuma Muslim ya ruwaito cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji.

Na san za a ce rayuwa ta yi tsada, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Gaskiya ne, kuma mai a-daidaita-sahu da ke neman cikon balas ko mai shayin da kasuwarsa ke buɗewa da dare suna da uzurinsu. Maganata da mu ce, masu zaman benci. Kuma talauci bai hana na baya ba. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta tura jajoji, wato matan da ta horar su zama malamai, zuwa ƙauyuka suna koya wa mata addini ta hanyar waƙoƙi, matan da ba su da hutun daka da surfe. A shekarun 1950 an yi Yaƙi da Jahilci a Jihar Arewa, manoma suna zama koyon karatu da rubutu bayan sun taso daga gona.

Ba lallai sai karatun fiƙihu ba. Wani zai fi buƙatar ya koyi rubuta lissafin shagonsa, wani ya zauna da 'ya'yansa ya duba abin da aka koya musu a makaranta, wani kuma ya yi shiru kawai ya tuna wa ya ɓata wa rai yau, ya tashi ya je ya ba shi haƙuri kafin a kira Isha'i. Ina kira ga limamanmu da su bar masallatan unguwa a buɗe tsakanin sallolin nan biyu, su nemi mai karantarwa ko da sau uku a mako. Ku kuma, ya Edita, ina roƙon ku tura wakilanku su zagaya zaurukan da har yanzu ake wannan karatu, su kawo mana rahoton inda suke da lokacin da ake zama, domin mai sha'awa ya san ƙofar da zai yi sallama.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku,
daga birnin Zariya.