Sanarwa: masu Linux ɗin da agogonsu ke yawo

Slm ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Jiya kwamfutar shagona a Ringim ta ƙi buɗe kowane shafi, burauza na ta kukan satifiket, na zata data ce ta ƙare har na sake saye, ashe kwanan wata ne ya koma baya da shekaru.

To duk wanda ya ga haka ya fara buga timedatectl a terminal ya duba ko ta ce synchronized yes, in no ne a sa sudo timedatectl set-ntp true. A duba yankin lokaci kuma, namu Africa/Lagos ne, in a UTC aka bar shi za ka ga awa ɗaya cif ta ɓata.

Masu chrony (manhajar daidaita agogo ta intanet) ku buga chronyc sources, in babu layi mai tauraro to ba ta kama kowace sabar lokaci (server) ba, yawanci firewall ne ya toshe UDP 123, ƙofar da ake karɓo lokaci ta cikinta. In tazarar agogon da lokacin gaskiya ta yi yawa chronyc makestep zai ja ta take. Tsohon ntpd (shi ma mai daidaita agogo ne) kuwa in ratar ta wuce daƙiƙa 1000 fita yake yi abinsa. Kuma don Allah kar a kunna chrony da timesyncd tare, aikinsu ɗaya ne, ɗaya ya isa.

Tawa dai batirin CMOS (mai riƙe agogo in kwamfuta na kashe) ne ya mutu, ɗan mitsitsin nan CR2032, duk lokacin da aka ɗauke wuta kafin yaro ya tayar da janareto sai agogo ya rikice. Na canja shi na buga hwclock --systohc shi ke nan.

Wanda tasa ta ƙi ya turo hoton sikirin bayan Isha.