Wasiƙa ga aminina kan tantanin waje na bakteriyar hanji

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Saƙonka ya iso, na kuma ga kukan da ka yi cewa magungunan da ake rubuta wa masu ciwon mafitsara sun daina ci kamar da. Ka ce in faɗa maka abin da ya sa E. coli, bakteriyar hanjin nan da ke yawan jawo wannan ciwon, take da taurin kai haka. Dalilan da yawa, amma bari in ba ka wanda ya fi cin hankalina a karatun nan, wato tantaninta na waje.

Tantani biyu gare ta, da wata raga mai tauri a tsakaninsu wadda ke riƙe mata siffa. Na wajen shi ne mai tsaro, shi ya sa babban magani irin vancomycin ba ya ratsa ta. Abinci kuwa ta furotin da aka dasa a jikinsa yake shiga. OmpF da OmpC ƙananan ƙofofi ne, BtuB kuma shi ke jawo bitamin B12. Kusan dukkansu siffar ganga gare su. A can cikin ƙwayar ake ƙera su, su ratso tantanin ciki, wani furotin mai suna SurA ya rako su, sai wani inji mai sassa biyar da ake kira BAM ya naɗe su ya dasa.

To, a ina yake dasa su? Mutum zai ɗauka ko'ina ne, daga nan su yi ta yawo yadda na tantanin ciki suke yi. Ashe ba haka ba ne. A 2015 Colin Kleanthous da mutanensa a Jami'ar Oxford ta Ingila sun yi wata dabara da ta burge ni. Akwai dafin da E. coli take yi don kashe 'yan'uwanta, kolisin, wanda ke maƙale wa BtuB. Sai suka liƙa masa launi mai ƙyalli, suka shafa wa tsofaffin furotin launi ɗaya, suka bar ƙwayar ta girma, sannan suka shafa wa sababbin wani launin. Da suka duba a madubin ganin ƙwayoyin cuta, sai ga su cure wuri-wuri, kusan ba sa motsi. Suka kira curin tsibirai. Faɗin kowane kamar rabin mikromita ne (mikromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a jikin halittar da tsawonta duka bai wuce mikromita 2 da wani abu ba. Sababbin yawanci a tsakiya suke ɓullowa, daidai inda za ta rabu biyu, tsofaffin kuma ana ta tura su ƙarshen nan biyu. Kamar benci a gidan biki ne, wanda ya zo ya kutsa tsakiya, na gefe su yi ta matsawa.

Yi lissafin da kanka. In ta rabu sau biyu an samu huɗu ke nan. Biyu sun gaji tsofaffin, biyun tsakiya kuwa kusan komai nasu sabo ne. In abinci ya wadata, minti 20 ya ishe ta rabuwa ɗaya. Ba ta wahalar da kanta wajen rushe tsohon kaya, jikoki biyu kawai take ɗora wa shi. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne ga halittar da yau tana ruwan kwata, gobe tana hanjin mutum, kowane wuri da irin ƙofofin da yake buƙata.

A 2022 su ɗin dai, tare da Waldemar Vollmer na Newcastle, suka gano dalilin da ya sa sababbin ke ɓullowa a tsakiya. Ragar nan in ta ƙosa tana kama BAM ta rage masa aiki, sabuwar da ake saƙawa a tsakiya kuwa ba ta hana shi.

Ga inda zancen ya shafi sana'arka. Babban sashen injin, BamA, fuskarsa ɗaya a waje take, kuma in ya tsaya ƙwayar mutuwa take yi. A 2019 Kim Lewis na Jami'ar Northeastern a Boston ta Amurka da abokan aikinsa sun ba da labarin darobactin, wanda suka samo daga wata bakteriya mai zama a cikin tsutsa. Shi ba ya buƙatar ratsa tantanin, daga waje yake toshe BamA. Ya yi aiki a jikin ɓeraye, amma kada ka fara yi wa masu zuwa kemis ɗinka alkawari tukuna.

Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce ta sa ni a addu'a. A shafa mini kan yara.

Naka,
Amininka