Zuwa ga aminina a Abijan, kan birkin motarka

Tawa, daren Lahadi

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan alhamdu lillahi, sai zafin bazara da ya sako mu gaba. Na leƙa gidanku shekaranjiya, Inna tana nan ƙalau, ta ce in shaida maka saƙo ya iso, Allah ya yi albarka.

Na saurari muryar da ka turo ta WhatsApp, kuma maganar birkin Corollarka ta hana ni sukuni. Ka ce fedal ya yi laushi, sai ka taka sau biyu ko uku kafin ya kama, kuma yaron garaji ya ƙara maka mai ya ce ka ci gaba da aiki. Don Allah, don zumuncin da ke tsakaninmu, ka ajiye motar nan har a gano ciwon. Ƴaƴan mutane kake ɗauka, kuma a cunkoson Ajame, ran da wani ya faɗo gabanka, taki ɗaya kawai za ka samu.

Ka san da mai birki ke aiki. Ƙafarka ta tura babbar silinda, wato metir, shi kuma ya tura mai ta bututu zuwa ƙafafu huɗu. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa lafiyayyen fedal yake tsayawa da tauri. In ka ji kamar katifa ka taka, to ko iska ta shiga layi, ko man ya sami hanyar zillewa, ko wani abu yana tafiya mai nisa kafin ya kama. Ƙarin mai ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu.

Ga gwajin da za ka yi da ƙafarka, ko sisi ba za ka kashe ba. Ka tsayar da mota a wuri mai daidai, ka kashe inji, ka taka birki kamar sau shida har fedal ya yi tauri. Sai ka ɗora ƙafa da matsakaicin ƙarfi, ka riƙe kamar rabin minti, ka natsu ka ji abin da yake yi. In ya tsaya cak inda yake, amma da ka sake shi ka ɗan jira sai ya koma laushi, to mafi yawa iska ce, ko kuma takalman birkin baya sun yi nisa da tambur, wato ƙarfen nan mai kamar kwano da suke kamawa a cikin taya. Ka ja birkin hannu ka sake takawa. In fedal ya hau sama, takalman ne ke son a matso da su, aikin ɗan lokaci ne.

Amma in ka ji yana nitsewa a hankali ƙarƙashin ƙafarka, yana tafiya yana tafiya har ƙasa, wannan shi nake tsoro. Ka buɗe kapo ka dubi ƴar robar man birki. In man na raguwa, yoyo ne a waje. In kuwa yana nan a layinsa alhali fedal na nitsewa, robobin cikin metir ne suka mutu, man yana zagayawa ta bayansu yana komawa inda ya fito. Ko kwana za a yi ana fitar da iska ba zai gyaru ba, sai an canza metir ko robobinsa.

Neman yoyo kuwa, kada ka bar wa yaro, ka tsuguna da kanka. Ka leƙa bayan kowace taya ko za ka ga danshi. A cire tambur ɗin baya, a ɗaga ƴar robar da ke bakin ƙaramar silinda da yatsa. Busasshen wuri ya kamata a gani. In ka ga jiƙa, ko wani baƙin caɓi na mai da ƙura ya manne a takalmi, to ka kama ɓarawon. Takalmin da ya sha mai ba a wanke shi a mayar, canzawa ake yi, kuma hagu da dama tare. Ka kuma shafa ƙasan metir, inda ya haɗu da baƙin sarbo mai zagaye ɗin nan, mai ƙara wa takunka ƙarfi. Man birki yana cin fenti, don haka in fentin wurin ya kumbura ko ya ɓare, ta nan yake zuba. Sannan wani ya danne fedal da ƙarfi, kai kuma ka kama bututun roba na kowace ƙafa da hannu, wanda ya tsufa za ka ji yana kumbura.

Akwai abin da ya fi shafar ku mutanen bakin teku a kanmu. Man birki yana shan danshin iska. Nau'in man da ake kira DOT 3, sabo, sai wajen digiri 205 yake tafasa, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 140. DOT 4 kuwa daga 230 ne zuwa 155. Mu a Adar iskarmu busasshiya ce galibin shekara, ku kuwa ko tufafi da ƙyar suke bushewa. Mota tana ta tsaya-tafi da rana tsaka, ƙafafu sun yi zafi, sai ruwan da ke cikin man ya zama tururi, fedal ya faɗa, in ta huce ya dawo kamar ba abin da ya faru. In haka taka take yi, ko ka ga man ya yi baƙi, a zubar da shi duka a zuba sabo. Ƙa'ida ma duk shekara 2 ne. Ka karanta abin da aka rubuta a murfin, ka saya a rufaffen gwangwani, ba wanda ake aunawa a kwalba bakin hanya ba. DOT 5 jinsinsa daban, ba a gauraya shi da waɗancan. Man inji ko man giya kuwa, ko kaɗan ya shiga sai ya kumbura duk robobin layin.

Abin da ba zan yafe wa makaniki ba shi ne toshe layi. Kwanan baya aka kawo mana wata mota da ke jigilar albasa daga wajen Galmi, direban na kukan tana fizga gefe in ya taka. Da muka kwance, sai ga ƙusa an cusa a bakin bututun ƙafar baya don a tsayar da yoyo. Da birki uku yake yawo, da lodi, bai ma sani ba. Hannuna har rawa ya yi da na zaro ta. In wani ya kawo maka wannan dabara, ko ta zuba ruwan sabulu, ka ɗauke motarka daga wurinsa.

Ranar fitar da iska ka tsaya a kansu. Galibi ana farawa da ƙafar da ta fi nisa da metir, baya ta dama, a ƙare da gaba ta hagu. Kada a bar robar man ta ƙafe, in ba haka ba sabuwar iska za ta shiga. Ka sa guntun katako ƙarƙashin fedal don kada mai takawa ya kai shi ƙasa, saboda a tsohon metir can ƙarshen akwai datti da tsatsa da ke yaga roba. In an gama, ka gwada ta a hanyar da ba kowa kafin ka ɗauki fasinja.

Na san ajiye mota asara ce ga mai iyali. In kuɗi ne suka tsaya maka, ka gaya mini ba kunya, zan riƙe cefanen gidan Inna na wannan wata, kai ka ji da gyara. Gobe da safe ka yi gwajin nan, ka kira ni ka faɗa mini ko fedal ya tsaya ko ya nitse.

Ka gaida maiɗakinka da yara, da duk ƴan gida da ke nan tare da ku. Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka na Tawa