Ni na ce musu gicciye ne, yanzu 'yata tana so ta ɗauka

Baba Rabaran, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya tare da Mama da yara. Na daɗe ina sauraron shawarwarin da kake ba mutane a rediyo, yau dai tura ta kai bango, na ce bari ni ma in kawo tawa.

Ni haifaffiyar Wusasa ce, a cocin St. Bartholomew aka yi mini baftisma, a can kuma aka ɗaura aurena. Malamar firamare ce ni. A zamaninmu babu mai zancen gwajin jini kafin aure, sai da haihuwa ta zo muka san ni da maigidana duk AS ne, wato muna ɗauke da ƙwayar gadon ciwon sikila ko da yake ba mu da ciwon. Cikin 'ya'ya huɗu da Allah ya ba mu, biyu masu sikila ne. Ɗaya ya koma ga Ubangiji yana ɗan shekara 9. Ɗayan shi ne autana, yanzu shekararsa 14.

Wanda bai kwana da mai sikila ba a lokacin hunturu bai san tsawon dare ba. Ciwon yakan fara daga gwiwa ya bi ƙashin baya. Ina gasa masa da tsumma da ruwan ɗumi, shi kuwa yana cizon matashi don kada kukansa ya tashi babansa. Idon nan ya yi ɗorawa shar. Ƙarfe biyun dare mu fita neman mai keke, mu isa asibiti a ce jini ya yi ƙasa, a nemo wanda zai bayar. Akwai daren da ya riƙe hannuna ya ce, "Mama, ki gaya wa Yesu ya isa haka."

Abin da ya riƙe ni duk shekarun nan maganar kakata ce. Takan ba mu labarin Kiristocin Gimi, waɗanda asalinsu Isawa ne, wato wata ƙungiyar Musulmi masu ɗaukaka Annabi Isa, suka taru suka kafa ƙauye a zamanin Likita Mila, Baturen mishan, sai ciwon barci da tsando ke kawowa ya yi ta ɗibarsu, har waɗanda suka rage suka watse. Daga baya mishan ta tare a Wusasa a 1929. Takan ce mutanen nan sun binne 'ya'yansu da hannunsu amma ba su saki Littafi ba. Ni ma da wannan na raini nawa. Na karanta musu Luka 9:23, inda Ubangiji ya ce mai binsa ya ɗauki gicciyensa kowace rana. Na karanta musu yadda Manzo Bulus ya roƙa har sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka amsa masa cewa alherin Allah ya ishe shi. Kullum ciwo ya tashi, maganata ɗaya ce: wannan gicciyenmu ne, mu ɗauka.

Ba zan ɓoye maka ba, na taɓa zamewa. Ƙanwar maigidana ta ja ni wani coci a Sabon Gari, mai wa'azin ya ce ɗan Allah ba ya ciwo, la'ana ce ta gado, in ba da baiko in ajiye magani. Sati biyu na hana yaro magungunansa na kullum, folic acid da Paludrine, muka ƙare a gadon asibiti. Wannan kam na gama da shi, tun da na koma Yahaya sura 9 na ga abin da Yesu ya ce game da wanda aka haifa makaho, cewa ba zunubinsa ba ne, ba kuma na iyayensa ba.

To ga inda gizo ke saƙar. 'Yata ta fari, shekararta 26, AS ce. Ta kawo saurayi, yaron kirki ɗan ƙungiyar mawaƙa, na san iyayensa tun muna 'yan mata. Aka yi gwaji, shi ma AS. Likita ya zaunar da su ya yi musu bayani dalla-dalla, cewa a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ɗan ya zo SS, wato mai sikila, kuma ba wai idan na farko ya zo da ita sauran sun tsira ba. Na ce mata ta haƙura. Sai ta dube ni ta ce, "Mama, ba ke kika koya mana cewa Kirista ba ya gudun gicciye ba? In Allah ya ba ni, zan ɗauka kamar yadda kika ɗauka." Baba, bakina ya mutu.

Na yi ta juya abin. Gani nake ni ban zaɓa ba, faɗo mini ya yi, ita kuwa ido buɗe za ta shiga, kuma ba ita ce za ta ciji matashin ba, jaririn da bai san hawa ba bai san sauka ba ne. Na tuna Yusufu ya gudu da jariri Yesu zuwa Masar. Na tuna Bulus ɗin nan da kansa, da za a yi masa bulala a Urushalima, ya ce shi Barome ne, aka kwance shi. Ko a Getsamani Ubangiji ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon in mai yiwuwa ne. Amma da na buɗe baki zan ce mata sikila ba ita ce gicciyen da Yesu ke nufi ba, sai in hango autana a bakin ƙofa yana sauraro. Shekara 14 da wannan kalmar yake jure ciwonsa. In na janye ta, me zan ba shi a madadinta?

Ka taimake ni, Baba. Shin gicciyen da aka ce mu ɗauka wahalar da ke zuwa saboda sunan Almasihu ce kaɗai, ko har da ciwo irin namu? Hana auren nan rashin bangaskiya ne daga gare ni? Maigidana ya ce shi bakinsa da goro, wai in ya hana, kamar ya ce ya yi nadamar aurena ne. Iyayen yaron kuma sun aiko cewa bayan Ista za su kawo gaisuwa, ban san amsar da zan mayar musu ba.

'Yarka cikin Almasihu,
wata uwa daga Wusasa, Zariya.