Barka da Sallah daga Sheffield

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanmu da shan ruwa, barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Lafiyata ƙalau, Inna kada ki sa komai a ranki. Mun yi idi da safe a cikin wani babban zaure, ana shafa fatiha kowa ya kama hanyar aikinsa, a titi babu alamar yau Sallah. Da na ga zaman ɗaki zai ƙara mini kewa, sai muka hau bas ni da ɗan Damagaram ɗin nan da muke gida ɗaya, muka nufi Chatsworth, gidan wasu masu sarauta dangin Cavendish, waɗanda ke riƙe da wurin tun 1549.

Baba, filin gidan kaɗai ya kai eka 1,000. Ciyawa shar, kogin Derwent ya ratsa ta tsakiya, tumaki da barewa na kiwo ba makiyayi. Ashe duk aikin hannu ne: a shekarun 1760 wani gwanin tsara fili, Capability Brown, ya sa aka dasa itatuwa, aka gyara wa kogin hanya. A lambun akwai ruwan da ke tsiri sama ba inji. Shugaban masu lambu Joseph Paxton ne ya haƙa tafki a kan tudu a 1844, ruwan na gangarowa ta bututu da nauyin kansa. Don tarbar sarkin Rasha aka yi shi, sarkin kuma bai zo ba. Na yi ta murna, har na manta da sanyi.

Amma da muka shiga bargar gidan sai jikina ya yi sanyi. Gini ne na dutse mai kusurwa huɗu, da fili a tsakiya, da agogo a saman ƙofa, James Paine ya tsara shi a zamanin da ake gyaran filin. Dawakai 80 take ɗauka, da maƙera a ciki, sama kuma rumbunan hatsi ne da ɗakunan 'yan barga. Yau babu doki ko ɗaya a ciki, an mai da ita wurin shan shayi da kantuna. Na tsaya ina neman warin doki, ƙamshin burodi kawai nake ji. Sun adana ginin tsaf, wannan kam na yaba musu, ko dutse ɗaya bai goce ba. Ni dai wallahi turken Kawu nake so, da harawa a zube, da dusa da kanwa a kwano, Akawal na haniniya tun asuba ana wanke shi. Na san war haka an fito da sirdi da likkafa ana gogewa, yara sun cika zaure suna rigimar wanda zai riƙe linzami. Gobe Daushe! Ina jin algaita da kakaki a kunnena, da ƙarar 'yan bindiga, da ƙurar jafi a Ƙofar Kudu. Na yi wa abokina bayani har muryata ta fara rawa, ya ce su ma a Damagaram haka ake, muka yi shiru muka sha shayinmu.

A gaishe mini da Kawu da kyau, a ce masa in ya hau gobe ya tuna da wanda ya saba ja masa zage, kuma Allah ya sauke shi lafiya. Ina gaida Hajiya Kaka, matata ta kaina, goron Sallarta na tafe ta hannun Yaya, ta ci gaba da sa ni a addu'a, kuma ta riƙa shan maganin ƙafarta. Gwaggo da Baffa da iyalansu. Malam liman da mutanen zaure. Auta kuwa, na ji an ɗinka mata atamfa iri ɗaya da ta Inna, ina son ganin hoton da lallen, kada ta ɓoye hannu. Yaya, don Allah ka ɗaukar mini hawan a waya tun daga fitowar Akawal daga gida, ka turo ta WhatsApp ko da dare ya yi, ina nan ina jira.

Ɗanku mai kewarku.