Wasiƙar Godiya Ga Ofishin Karɓar Baƙi Na Broken Hill

Zuwa ga ma'aikatan ofishin karɓar baƙi na garin Broken Hill, jihar New South Wales, ƙasar Ostireliya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na san ba ku jin Hausa, amma da ita na ga ya dace in gode muku, don 'yan uwana da ke zaune a wannan ƙasa da waɗanda ke gida su ji abin da kuka yi mana. Yaba kyauta tukuici.

Mun taso daga Adelaide bayan sallar asuba, ni da maiɗakina da yaranmu biyu, tafiyar kilomita kusan 500. Tun da muka bar gonakin alkama a baya, ba ka ganin komai sai jan ƙasa da gajerun tsirrai, sai tsuntsayen nan emu masu kama da jimina suna ta gudu a gefen titi. Azahar ta yi mana a cikin gari, a gajiye liƙis, yara kuma sun fara ƙorafi. Muka tsaya a ofishinku da ke mahaɗar titin Blende da titin Bromide, ba don komai ba sai in karɓi taswira, in kuma tambayi ko akwai wani lungu da za mu shimfiɗa darduma.

Dattijuwar da ke kan teburin ta dube ni ta yi murmushi, ta ce lungu kuma, bayan garin yana da masallacin da ya haura shekara ɗari? Wallahi na zaci ban ji daidai ba. Ta ce ba kullum yake buɗe ba, sai an nemi izini, amma mu ɗan zauna. Ta ɗauki waya ta kira masu kula da shi, ta sake kira da ba a ɗauka ba, ta zana mana hanya da biro a kan taswira, ta nuna wa yara inda za su cika gorunan ruwa. Ko sisin kwabo ba ta nema ba.

Masallacin ɗan ƙarami ne, ginin langa-langa, an shafa masa jan fenti, yana arewacin gari inda zangon raƙuma yake a da. Wanda bai sani ba zai ɗauka sito ne. Masu raƙuma ne suka gina shi a ƙarshen ƙarni na 19, mutanen da Turawa suka yi wa kuɗin goro suna kiransu 'yan Afganistan, alhali da yawansu daga Balucistan da Sindh da Punjab suka fito. Tun daga shekarun 1860 aka riƙa kawo su da dabbobinsu, saboda doki da takarkari ba sa jure ƙishin wannan sahara. Su ne suka yi ta jigilar abinci da ulu da kayan haƙar ma'adinai zuwa wuraren da dogo bai kai ba. Da manyan motoci suka shigo a shekarun 1920, sana'a ta mutu, aka saki raƙuman cikin daji, har gobe jikokinsu na nan suna yawo ba mai su. Jirgin ƙasan da ke tashi daga Adelaide zuwa Darwin ma, wanda ake kira Ghan, daga waɗannan 'yan Afganistan ya samo suna.

A ɗakin gaba an jera kayansu: sirdi, akala, ƙararrawa, tsinken hancin raƙumi. Nan ne jikina ya yi sanyi. Kakana falke ne, mun tashi muna jin labarin ayarin gishiri daga Bilma zuwa Agadez har ƙasar Hausa, kuma irin wannan akalar na rataye a zaurensa har ya rasu. Ɗana ya tambaye ni me ya sa na yi shiru. Ban iya ba shi amsa ba. Muka tuɓe takalma muka shiga, na ja sallah, iyalina na bayana, zafin rana yana sa kwanon rufin yana ƙas-ƙas. Na yi addu'a ga madugan da suka kafa wurin, Allah Ya kai haske kabarinsu.

Ku isar mini da godiya ga Ƙungiyar Tarihi ta Broken Hill, wadda ta ceto ginin daga rushewa a shekarun 1960. Galibinsu ba Musulmi ba ne, kuma su ne dai ke kula da tsohon wurin ibadar Yahudawa na garin, wanda aka gina a 1910. Abin da ya ƙara musu daraja a idona shi ne ba a ɓoye ɓangaren tarihin da ba shi da daɗi. An ba mu labarin ranar 1 ga Janairun 1915, lokacin da mutum biyu daga zangon suka buɗe wa jirgin ƙasan 'yan yawon shaƙatawa wuta, mutum huɗu suka mutu, su ma aka kashe su. An faɗa yadda ya faru, ba a shafa wa sauran kashin kaji ba.

Sauran kwana biyun, tsarin da kuka yi mana muka bi. Mun hau tsibin baraguzan haƙa da ya raba garin gida biyu, wanda ya tuna mini da tuddan kuza na Bukuru, sai dai wannan ya ninka su. A samansa akwai wurin tunawa da mahaƙa fiye da 800 da suka rasa rayukansu a bakin aiki, kowa da sunansa da sanadin ajalinsa. Tun da Charles Rasp ya gano ma'adinin a 1883, aka kafa kamfanin BHP a 1885, azurfa da dalma da zinki ke fita daga nan, kuma ga rayukan da aikin ya ci a rubuce a bango. Hatta titunan gari sunayen ma'adinai da sinadarai gare su: Argent, Oxide, Chloride.

Mun leƙa sansanin likitocin da ke kai ɗauki da jirgin sama, aikin da aka fara a ƙasar tun 1928, na tsaya ina tunanin ƙauyukanmu da mai naƙuda ke kwana a hanya. Silverton kuwa, kilomita 25 daga gari, yara ba su ga komai ba sai jakunan da ke yawo a tsakiyar titi, 'yata ta ce ashe Bature ma yana da jaki. Sassaƙen duwatsu 12 da aka yi a 1993 a kan tudu bayan gari sun yi kyau da faɗuwar rana, ko da yake ni faɗin sararin ya fi burge ni.

Shawarwari biyu da kuka ba mu sun yi mana rana. Na farko, kada mu yi tuƙi a daji da almuru ko da duku-duku, saboda kangaru na faɗowa titi ba sallama. Gawarwakin da muka gani a hanyar komawa sun gaskata ku. Na biyu, garin yana bin agogon Adelaide ne, ba na Sydney ba, bambancin rabin awa, don haka in duba wayata da kyau kafin in yarda da lokacin sallar da take nunawa.

Taswirar da aka zana mana da biro tana nan, maiɗakina ta manna ta a jikin firij. Idan Allah Ya kai mu hutun hunturu, za mu dawo da wasu iyalai biyu, kuma wannan karon zan kira tun daga gida a buɗe mana masallacin.

Allah Ya saka da alheri.

Naku,
Wani baƙo Bakatsine mazaunin Adelaide