Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamnan Legas kan ruwan da ake bai wa lambuna

Mai girma Gwamna Babajide Sanwo-Olu, barka da aiki.

Ina rubuto maka ne a madadin 'yan uwanmu masu lambu a yankin Ojo da Iyana-Iba, waɗanda alayyafonsu da latas ɗinsu ke cika kasuwannin Legas. Idan rani ya yi, da yawansu da ruwan kwata suke ban ruwa. Kwatar nan kuwa ta ratso wuraren da ake fasa tsofaffin batura, ake ƙona wayoyi don a ciro jan ƙarfe. Ka ga ruwan a bokiti ya kwanta garau, amma yana iya ɗauke da ƙarafa masu guba, wato dalma da kadmiyam, kuma tafasawa ba ta fitar da su.

Mu 'yan Arewa mun san gubar dalma. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu.

Ranka ya daɗe, akwai hanya mai araha da ta cancanci gwaji. Masana sun nuna cewa naman kaza da wasu nau'o'in funfuna, irin su Aspergillus niger, suna kama waɗannan ƙarafa. Bangon zaruruwansu na ɗauke da sinadarin kaitin, ƙarfen da ya narke a ruwa sai ya manne a jikinsa. Abin burgewa, ko mataccen ma yana aiki. Ana noma naman kazan ne a kan garin katako, shi kuwa ba abin nema ba ne a garin nan. Sai a cusa naman kazan a buhuna, a jera a bakin magudanar kafin ruwa ya isa kunya.

Amma a yi hattara. Buhun da ya sha dalma ya zama guba, ba na miya ba ne, ba na taki ba, dole hukuma ta kwashe shi. Kuma wannan ba zai ɗauke wa masu zuba dattin alhakinsu ba.

Roƙonmu shi ne ka umarci hukumar kare muhalli ta Legas, LASEPA, ta haɗa kai da cibiyar binciken masana'antu ta tarayya, FIIRO, da ke Oshodi, da Jami'ar Jihar Legas (LASU) da ke maƙwabtaka da lambunan, a auna ruwan kafin tacewa da bayanta a magudana ɗaya tak, sannan a karanta wa masu lambu sakamakon da Hausa da Yarbanci.

Naka,
Wani dillalin kayan miya daga kasuwar Mile 12